Hannu Biyu a Littafin Rijiya

Bazara ce, irin wadda tun kafin hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, kaji su shige ƙarƙashin rumbu su buɗe baki. A shekarar da aka canza mana kuɗi daga fam zuwa naira ne, ko wadda ta biyo bayanta. Ban riƙe lissafin shekarun ba, amma na riƙe yadda shekarar take a jiki. Daminar da ta wuce ta yaudare mu. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya kwanta. A rediyon Baffanku Sale, yayan babanku, kullum maganar kuɗin mai ake yi: za a yi titi, za a datse koguna, za a gina makarantu. Mu kuwa a ƙauyenmu na bayan duwatsun Roni muna gauraya dusa da busasshen ganyen tafasa mu ce mun yi tuwo. Gari ya yi shiru kamar gidan da ake jinya. Ko yara in suna wasa ba ka jin ƙararsu.

Ba labarin yunwa ya sa na ɗauki biro ba, wannan kowa na da nasa. Ranar sadakar bakwai ta babban yayanku ina kwance a ɗaki, kuna zaton barci nake, na ji kuna magana a tsakar gida. Ɗayanku ya ce da ba don wani baƙo ya danne shi ba, da marigayi ya yi jami'a, da ba a firamaren Gwiwa zai ƙare rayuwarsa ba. Wata ta ce ai dama haka suke, tunda ba ɗan'uwansu ba ne. Jikokina suna zaune suna ji suna haɗiyewa. Wannan magana Baffanku ne ya fara ta, Allah ya jiƙansa, ni kuma na bar ta ta yi fiye da shekara arba'in tana yawo a gidan nan. Baƙon nan bai zalunci kowa ba. Ina so ku san haka kafin in bi yayanku.

Ku da kuke rungumar 'ya'yanku na fari a gaban surukai ba lallai ku gane ba, amma ku yi haƙuri ku saurara. A wajenmu, balle mu da muke da jinin Fulani, ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ana yaye shi aka ɗauke shi zuwa ɗakin Inna, mahaifiyar babanku. Ban taɓa kiran sunansa ba. In ya faɗi yana kuka sai in juya in ci gaba da daka har wata ta zo ta ɗauke shi. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Haka na ga uwata ta yi wa yayata, kuma macen da ta nuna tana son ɗanta na fari, har bakin rijiya za a yi ta yi da ita, a ce ba ta da kunya, a ce ba a san gidan da ta fito ba. Duk gida Na-Inna ake kiransa, ni ko wannan ba na faɗa. In ina so ya ci abinci sai in dubi bango in ce akwai tuwo a rufe, in da mai ci. Shi ma ya koyi amsa wa bango. Haka muka rayu, kuma ba mu ɗauka wani abu ne ya same mu ba.

Yana makarantar kwana ta sakandare aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a gidan mai gari. Babanku mutum ne mai sauƙin hali, ya bar ni na shiga, sauran mutanen gida kuwa suka ɗauka zuwa hira ne. Na wuce shekara talatin sannan na fara riƙe fensir. Haruffa sun ba ni wuya, amma lambobi suka zauna mini da wuri. Ina danna fensir da ƙarfi kamar mai shuka, har rubutun ya fito ta bayan takarda. Da yayanku ya zo hutu ya ga littafina a kan turmi. Na hango shi daga madafa ya tsaya ya buɗe, ya daɗe yana dubawa, ya rufe, ya mayar yadda ya same shi.

Rijiya ɗaya ce a ƙauyen, mu da shanu. A wannan hutun ya samo doguwar igiya, ya ƙulla mata ƙulli a kowane kamu, ya ɗaura dutse a bakinta. Kowace Juma'a da sassafe, kafin kowa ya jefa guga, sai ya zura ta har ƙasa, ya jawo, ya duba inda ruwa ya jiƙa, ya rubuta a wani littafi mai shuɗin bango. Wata rana kuma ya wuni a gindin tsamiya yana ƙirga gugan da aka ja don mutane da wanda aka ja don dabbobi. Mutane suka yi ta dariya, suna cewa Na-Inna ya koma su a rijiya, a bar masa kifin in ya kama. Ranar da zai koma makaranta na fito da safe na tarar da igiyar a naɗe, da littafin, da fensir, a kan dutsen niƙana. Inna ba ta san ko alif na boko ba, ku kuma kuna ƙanana. Na san da wa yake.

Shekara biyu muka yi a haka. In yana gida shi ke aunawa, in yana makaranta ni. Nakan riga kowa fita, tulu a kai, igiya a cikin tulun. In auna, in rubuta ranar da adadin ƙulli da 'yan yatsun da suka ƙaru a kai, in ɓoye littafin a zanena kafin mata su iso. A ɗaki ina ajiye shi ƙarƙashin tabarmar gado. In hutu ya zo, in mayar da kayan kan dutsen niƙa, da safe in ga babu. Ban taɓa yin doguwar hira da ɗana kamar wannan ba, kuma ba a furta kalma ko ɗaya a cikinta ba.

Bayan daminar da ta gaza, ya zo hutun kaka ya zauna da littafin kwana uku, yana zane-zane a wasu takardu. Sannan ya sami babanku da Baffanku a zaure. Ina shara a bakin ƙofa na ji su.

"Baba, in shanu suka ci gaba da sha a nan, rijiyar ba za ta kai mu damina ba. In suka tashi kafin watan nan ya mutu za ta kai mu, amma da ƙyar."

"To, mai duba ya sauka a gidanmu!" in ji Baffanku. "Har ruwan ƙarƙashin ƙasa kake gani? Duba min nawa, yaushe zan yi arziki?"

"Ba duba ba ne, Baffa. Ga shi nan a rubuce, kowane mako abin da take raguwa."

Bayan kwana uku babanku ya haɗa kan masu shanu, suka kora su kudu. Rijiyar kuwa ta riƙe mu. A ƙarshe laka muke tacewa da tsumma, amma ba ta ƙafe ba, har mutanen ƙauyuka biyu suka riƙa zuwa da jakuna suna ɗiba a wajenmu.

A wannan hutun ne ya zo da takardar jami'a. An buɗe sabon sashe, kuma gwamnati za ta ɗauki nauyin 'yan kaɗan da aka zaɓa. Ya shimfiɗa buzu a ƙofar Inna yana karantawa yana juya mata da Hausa, da murya fiye da yadda kunnen Inna yake buƙata. Ni ina gefe ina tankaɗe.

"Inna, sun ce ba wanda ya fi kowa haddace littafi suke nema ba."

"To wa suke nema, maigida? Mai kyau? Ai da tun a ƙofa za su koro min kai."

"Lissafi ne na aiki, Inna. Wanda ake auna ruwan madatsa da shi, da nauyin da gada za ta ɗauka, da hatsin da zai ishi gari. Sun ce suna son wanda ya taɓa ganin wata matsala a inda yake zaune, ya auna ta da kansa ba malami ne ya sa shi ba. Suna son mai haƙuri da aiki ɗaya ko an daɗe ba a ga amfaninsa ba. Suna son wanda in bai san abu ba zai ce bai sani ba."

"Wannan na ƙarshen ka faɗi. Tun kana rarrafe ba abin da ba ka sani ba."

Ya yi dariya. Sannan ya sassauta murya.

"Kuma sun ce duk aikin da mutum zai nuna musu ya faɗi gaskiya, wanne ya yi da hannunsa, wanne aka taya shi, kuma wa ya taya shi."

Ya tsaya a nan. Ni ban tsayar da rariya ba.

"Wa zai taya ka wannan haukan?" in ji Inna. "Kai kaɗai ka yi abinka, duk gari shaida ne."

Ya cika takardar, ya ba su labarin rijiya, ya tafi da littafin. Daga baya na san wajen da aka ce a rubuta wanda ya taya shi ya bar shi fili. Ba rowar suna ya yi mini ba. Shi ma bai taɓa furta sunana ba, kuma ya san in ya rubuta, magana za ta bi ta hannun shugaban makaranta da na hakimi ta dawo ƙauye. Rufa mini asiri ya yi. Aka kira shi ganawa, ya je, ya koma makaranta don jarrabawar ƙarshe. Mu muka zauna muna jira, da zafi, da laka.

Wata Talata bayan azahar wata farar mota ƙirar kunkuru ta tsaya a ƙofar gidanmu. Mai ita ya ce sunansa Dokta Bitrus, yana koyarwa a sashen da yayanku yake nema. Mutumin duwatsun kudu ne, dogo, mai sanyin magana. Hausarsa garau take, amma ta kasuwa da makaranta ce, ba ta cikin ɗaki ba. Yana kan hanyar Babura ne duba wasu rijiyoyi, ya ratso musamman saboda mu. Sai da ya fara zuwa bakin rijiyarmu ya leƙa, ya yi tambayoyi, sannan ya zo gida. Babanku yana kudu da shanu, don haka Baffanku ya tare shi a zaure, aka kawo masa ruwan da muke da shi, ya sha bai yatsine fuska ba. Maza suka taru. Aka fito da Inna. Sai ya ce yana son ganin mahaifiyar yaron. Aka kira ni, na tsuguna a bayan zanan da ke ƙofar zaure, Inna a gefena, matan maƙwabta a bayana har bakin rumbu.

Ya kira yayanku da sunansa na yanka, na sunkuyar da kai. Ya ce su biyar ne suka gana da shi, kuma tun da aka buɗe sashen bai ga aikin da ya faranta masa rai kamar wannan ba. Ya ce gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa, wasu ma sun fi yayanku maki a takarda, littafin rijiya ne ya sa shi gaba da su. Amma akwai abin da ya tsaya musu.

"Baba, rabin littafin nan ba hannunsa ba ne. Kuma ranakun da aka yi wancan rubutun yana makaranta, mun duba. Mun tambaye shi, ya ce wani ne a gida. Muka ce wa? Ya sunkuyar da kai, har muka gaji bai ɗago ba. Yanzu wasu cikinmu suna cewa wani ma'aikacin rijiyoyi ne ya yi aikin, yaro ya ɗauka ya ce nasa ne. Wasu suna cewa a zaune aka ƙirƙiro lambobin. Ni ban yarda ba, shi ya sa na zo. Ba laifi ba ne a taya mutum, mu ma aikinmu taya juna ne. In ga mai hannun kawai, in ji daga bakinsa, shi ke nan."

"Ranka ya daɗe," in ji Baffanku, "a gidan nan ba mai boko sai shi."

Bai yi ƙarya da gangan ba. Bai taɓa sa ajin gidan mai gari a lissafi ba.

"Shi kaɗai ya yi abinsa," in ji Inna. "Ni na raine shi, ba ya ƙarya."

Baƙon ya juyo wajen zana.

"Mama, ke ce mahaifiyarsa?"

Na ji mata sun yi ƙus-ƙus a bayana, wata ta danne dariya. Tambaya ce da ba a yi wa mace a kan ɗan fari, balle a gaban uwar mijinta da yayan mijinta.

"Ɗan Inna ne," na ce.

Ya dubi Baffanku bai gane ba. Baffanku ya ce, "Ita ta haife shi," a ganinsa ba wani abin da ya rage a bayyana. Sai baƙon ya miƙo littafin ta gefen zana, a buɗe. Na karɓa. Ga lambobina nan manya-manya, an danne su har sun fito ta baya, ga nasa sirara a ƙasansu. Har na ga wajen da ruwa ya ɗiga daga hannuna wata safiya ya ɓata gefen shafi.

"Kin san wannan rubutun?"

Ku tsaya ku ga abin da yake so in faɗa. In buɗe baki a gaban maza, a gaban surukata, mijina ba ya gari, in ce shekara biyu ina fita da sassafe a ɓoye ina yi wa ɗana na fari aiki, ina ɓoye kayansa a ƙarƙashin gadona, ina kallon Inna da ta raine shi ban gaya mata ba. In mayar da maganar da ta yi yanzu ƙarya. Ban zauna na auna wannan da wancan ba, kada ku ɗauka na auna. Bakina ne ya yi abin da aka koya masa tun ina yarinya. Inna ta yi gyaran murya kaɗan, ba ta ma san me ke hannuna ba.

"Ba na shiga sabgarsa," na ce.

"Ka ji 'yar gidan mutunci," wata ta faɗa a bayana.

Ya matso kusa da zana. Ina ganin takalminsa ta ƙasa, duk ƙurar bakin rijiyarmu.

"Mama, ki duba da kyau, don Allah. Karatunsa ne a kan wannan."

Na duba. Na daɗe ina dubawa.

"Ban sani ba."

Na miƙa masa littafin. Ya zauna yana juya shafuka kamar zai ga wani abin da bai gani ba a da. Baffanku ya fara faɗa masa yadda yaro ya ce a kori shanu, da yadda rijiya ta riƙe, maza suna gyaɗa kai. Ya saurara har ƙarshe.

"Na yarda, Baba, na ga rijiyar da idona. Amma ka duba. Wanda za mu koyar, gobe shi zai ce wannan bango zai riƙe ruwa ko ba zai riƙe ba, mutane su gina gidaje a ƙasansa su kwanta da 'ya'yansu. Dole mu san inda kowace lamba tasa ta fito. In na koma na ce musu ko mahaifiyarsa ba ta san mai rubutun nan ba, me kake so su yi?"

Ya yi sallama da ladabi, ya gai da Inna har ƙasa. Motarsa ta ƙi tashi, sai da maza suka taru suna turawa. Duk wannan lokacin ina tsaye a ɗakina, na jawo igiyar daga ƙarƙashin gado tana hannuna. Daga ƙofata zuwa inda motar take bai kai daga nan zuwa masallaci ba. Ina jin suna cewa a ƙara turawa, ina jin yana gode musu. Na kai ƙafa bakin ƙofa na ga mata ba su watse ba, suna tsaye a tsakar gida suna mayar da zance. Na koma. Sai na ji injin ya kama. Da yamma Inna ta aiko mini da ɓarin goro, ta ce yau na fitar da ita kunya a gaban baƙo.

Ruwa ya sauka a makare. Babanku ya dawo da shanun da ba su kai rabi ba, su ma ƙashi da fata. Yayanku ya gama jarrabawa ya dawo ya ɗauki fartanya. Ana noman farko wasiƙar ta iso ta hannun mai gari. A tsaye ya karanta ta a tsakar gida, da la'asar, ƙafarsa duk ƙasar gona. Ya ninke ta huɗu.

"Me suka ce, maigida?" in ji Inna.

"Sun ce ba su sami tabbacin aikin ba. Sun yi min fatan alheri."

"Na faɗa tun ranar!" Baffanku ya ɗaga murya. "Mutumin nan da ganin idonsa ba da alheri ya zo ba. Ya sha ruwanmu ya je ya ba ɗan'uwansa gurbin!"

"Baffa, ba laifinsa ba ne."

Ina bakin murhu, na ba su baya. Na ji takunsa ya zo ya wuce ta kusa da ni, ya tsaya a jikin katanga kamar mai gyara igiyar shanya. Ya yi magana da bango, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

"Ba laifin kowa ba ne."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sauran kun san shi. Malamansa sun ce ya sake nema baɗi, ko ya nemi wani sashe, ya ƙi. Ya ce wa babanku an riga an dube shi da idon maƙaryaci sau ɗaya, ba zai sake kai fuskarsa ba, kuma gida ba shanu, ba hatsi, ga ku kuna tasowa. Ya karɓi aikin koyarwa a Gwiwa, yana aiko da abin da ya samu, da shi aka yi karatun uku daga cikinku. Waɗanda suka shiga sashen a shekarar, daga baya nakan ji irinsu a rediyo ana cewa sun auna wannan sun gina wancan. Shi yana koya wa yara sau biyu sau uku a ƙarƙashin rufin kwano har gashinsa ya yi fari. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da ido. In ya zo gaisuwa ya tsuguna a bakin ƙofata ya gai da bango, in amsa wa bango.

Na yi shekaru ina juya abin da takardar nan ta nema, don na riƙe shi kamar karatun allo. Ban ga kuskure a ciki ba. In da ni ce zan zaɓi wanda zai auna ruwan da jikokina za su sha, abin da zan nema ke nan: mai lura, mai haƙuri, mai cewa bai sani ba, mai faɗin wanda ya taya shi. Uku na farko yana da su tun yana yaro. Na huɗun mu muka hana shi, ni da gidan da ya haife ni da gidan da ya haife shi. Waɗanda suka rubuta takardar ba su san akwai gidan da uwa ba ta iya cewa ɗana ne ba, kuma mutum ɗaya daga cikinsu ya bar hanyarsa a tsakiyar bazara ya zo har ƙofarmu don ya sani, ya tambaye ni sau biyu. Ban ce ku zubar da kunya ba, ta rufa mana asiri a wurare da yawa. Amma ku daina ɗora wa bawan Allahn nan kayan da ba nasa ba, kuma ku gaya wa 'ya'yanku.

Akwai abu ɗaya da ko yayanku bai sani ba har ya koma ga Allah. Ina gaya muku tun yanzu bai yi amfani ba. Amsar takardar da na aika ba ta taɓa zuwa ba. Ko an riga an rufe ɗauka, ko takardar ba ta isa ba, ko ta isa an ɗauka wata dabarar ce, ban sani ba.

Washegarin ranar da wasiƙar ta zo, na ce wa babanku zan je Kazaure dubo ƙanwata. Ya dube ni, ya ce in gaishe ta. Ambulan ɗin wasiƙar na tsinta a bakin rumbu inda yayanku ya yar, adireshin jami'ar yana jikinsa. Na taka zuwa Roni, na hau motar kasuwa a kan buhuna. A ƙofar gidan waya na Kazaure akwai wani dattijo mai rubuta wa mutane wasiƙa da Turanci, da ɗan teburinsa a inuwar darbejiya. Na tsuguna na gaishe shi, na gaya masa komai, tun daga dutsen niƙa har motar da aka tura. Na karɓi fensirinsa na rubuta lambobi daga ɗaya zuwa goma a wata takarda, na danna kamar yadda na saba, na ce a haɗa da ita don su gwada da na littafin. Ya yi ta rubutu bai ɗago ba. Sannan ya tsaya.

"Baiwar Allah, yaron nan mene ne naki?"

"Ɗana ne. Na fari."

"Sunansa?"

Na duba hagu da dama. Mutane suna shiga suna fita, ba wanda ya san ni. Na faɗa.

"Ban ji ba. Ɗaga murya, motoci suna wucewa."

"Sa'idu," na ce. "Sunansa Sa'idu."